Dutsen Taimamar Baba Habu

Labari ya iske ni da safiyar nan: Baba Habu Mai Tifa ya rasu.

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma.

Kafin in ci gaba, kada ku dubi sunan da ke saman shafin nan. Aron wayar yaron na yi. Mai magana da ku shi ne Farfesa Alhaji Dakta Mamman Ɗanduwatsu, shugaban masana duwatsu na ƙasashen baƙar fata kaf, wanda jirgi ya sauke jiya daga ƙasar waje. Don haka a nutsu a karanta har ƙarshe. Ba na son in ga alamar dariya a ƙasan rubutun nan.

Mai wayar sunansa Lawandi, jikan marigayin. Mutanen yankin Tofa kun san shi, kun san halinsa, ba sai na ɓata bakina ba. Shi ya zauna ya ba ni labarin. Don kada in cika ku da "ya ce, ya ce", zan rubuta da bakinsa. Duk inda kuka ga "ni" daga nan, yaron ne. In ni Farfesa na dawo zan yi gyaran murya.

To.

Baba Habu kakana ne, shi ya haifi babana. Tun ina yawo ba wando muke rigima da shi a kan Inna Kande. Ya ce matarsa ce, na ce tawa ce, tsufa ya sa ya manta. In ta zubo tuwo sai ya ce a duba malmalata, an fi cika mini miya, akwai magana a ƙasa.

Duk garinmu shi kaɗai ne in na yi tsokana ba ya cewa a kamo ni. Sai dai ya ce, "Wannan ba ta nuna ba. Koma ka sake shiri."

Da ƙuruciyarsa tifa ya tuƙa can wajen Gombe, inda ake fasa dutsen da ake yin siminti. Da ya dawo gida noma bai dawo da wani abin kirki ba sai ciwon baya da dutse guda ɗaya.

Wanda ya taɓa shiga ɗakinsa ya san dutsen. Faɗinsa kamar murfin kwanon sha, ga nauyi, a naɗe yake kamar ƙahon ragon layya, da layi-layi a jikinsa kamar haƙarƙari. Ta gefen da ya goge akwai wani zane siriri kamar an yi masa lalle. Ya ce wata rana yana juye kaya ya gangaro ya tsaya a ƙafarsa, shi kuma ya ɗauka ya jefa ƙarƙashin kujerar mota. Wai a can irinsa ba abin kallo ba ne, leburori har murhu suke haɗawa da su.

Ina ƙarami in zazzaɓi ya kama ni, shi yake ɗora mini a goshi. Sanyi gare shi ko da rana tsaka.

Baba ne kuma ya ce mini in ana ba dutsen ruwa yana girma. Damina guda na yi ina bin dutse da moɗa, ana ruwan sama ina ƙara masa. Kullum sai Baba ya auna da ɗan yatsa ya ce, "Ya ɗan motsa. Ƙara himma." Sai da Inna ta ji tausayina ta gaya mini.

A wurinsa na koyi sana'ar tsokana.

Da ciwon suga ya kama shi, ƙafa ta yi gyambo, jiki ya daina son ruwa, ko mai ɗumi aka kawo masa sai ya kama karkarwa. Aka ce ya koma taimama. Ɗakin an shafe shi da siminti har da fenti, tsakar gida kuma kaji da awaki sun gama da ita. Sai ya jawo dutsensa. Ya dafa, ya shafi fuska, ya shafi hannu, ya yi sallarsa a zaune. Haka aka yi shekaru. Tafin hannunsa har ya sa dutsen ya fara sheƙi.

Babu wanda ya taɓa ganin komai a ciki. Dutse dai dutse ne.

Sai Bilki ta zo hutu.

Bilki 'yar baffana ce, tana jami'a a cikin Kano, ilimin duwatsu take karanta. Ni dai da na ji haka na ce da ta zo gonarmu ta bayan gari na koya mata kyauta, ta tsince su ma mu huta. Ta shigo gaida Baba, ko durƙusawa ba ta gama ba ta yi ƙara.

"Baba! Ina ka samo wannan?"

"Ke ba kya gaida mutane, sai dutse?"

Ta ɗauka da hannu biyu kamar jariri. Ta ce sunansa amonait. Baba ya ce wannan sunan ba zai zauna a bakinsa ba, ta yi bayani da Hausa.

Ta ce ba dutse ba ne tun asali. Wata halitta ce ta cikin teku, wannan naɗin gidanta ne, kamar yadda dodon koɗi yake yawo da katantanwarsa. Ta nuna mana zanenta a waya, abu da idanu, ga hannaye birjik a baki kamar igiyoyi. Ta ce sun rayu tun ba a yi mutum a duniya ba, miliyoyin shekaru, kuma irinsu ya ƙare ƙaf, ko guda babu yanzu. Wannan ta mutu, laka ta binne ta, a hankali a hankali ta koma dutse.

Baba ya ce, "Teku?"

"Teku, Baba."

"A Gomben?"

"A nan inda kuke fasa dutsen. Da can duk ruwa ne."

"Ke Bilki, ki ji tsoron Allah. Ni na zauna a wurin. Ruwan sha ma sai tanka ta kawo."

Ta rantse. Ta ce in aka yanka dutsen biyu za a ga cikinsa ɗaki-ɗaki ne. In dabbar ta girma sai ta gina sabon ɗaki a gaba, ta koma ciki, ta toshe na baya. Kullum a na ƙarshe take zaune, bakin ƙofa.

Ehem. Ni Farfesa na tabbatar da duk abin da yarinyar nan ta faɗa. Mu ma haka muka gani a wurin da muke ganin abubuwa. A ci gaba.

Gida ya ɗauki dariya. Inna ta ce shi ya sa yake da sanyi, ashe ɗan ruwa ne. Ni kuwa na ce, "Inna, ɗora tukunya, ashe nama muke ajiye da shi muna cin tuwo da kuka tsura."

Sai na lura Baba bai yi dariya ba. Ni ban taɓa sakin magana ta wuce shi bai rama ba.

Ya ce, "Bilki."

"Na'am, Baba."

"Yanka ta aka yi, ko mutuwa ta yi da kanta?"

"Baba, ai lokacin babu mai yankawa. Mutuwa ta yi."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"To mushe kenan," ya ce. "A kan mushe nake taimama."



Daga ranar Baba ya fara ramuwa. Ya sa aka ɗauko masa wani dutse daga bakin gona aka wanke. In ya idar da salla sai ya ɗora wasu a kai, ya ce bai san adadin da ake bin sa ba, gara ya yi ta yi. Mutumin da zama ma sai an jingina masa filo. Abinci ya huce a gabansa ya ce sai ya ƙarasa. Ga mai suga ba a son haka. Rannan Inna ta shigo ta same shi ya kife a kan buzu, sai da aka ɗura masa ruwan sikari.

Babana ya yi magana, baffana ya yi magana. Ya ce su ba su za a tambaya ba.

Bilki ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce da ta sani ta yi shiru. Ya ce, "Ke me kika yi? Abin da aka tura ki koyo kika faɗa. Da kin ɓoye ne zan yi fushi."

Sannan ya juyo kaina. Ya ce duk gidan ni ne na daɗe a gaban allo, kuma ni ne ba ni da aikin yi sai yawo. In je in tambayo masa malamai: sallolin nan suna nan, ko babu?

Nan fa aka zo wurin.

Na fara da limaminmu. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na yi ladabin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, in dabbar ruwa ta mutu a Gombe ta zama dutse..." Ban ƙarasa ba ya fara laluben sandarsa. "Lawandi, ni za ka mayar abin wasa? Da furfurata?" Na rantse. Ya ce ranar da na ce masa an ga wata ma rantsuwa na yi.

Na tafi Tofa wurin wani matashin malami mai wa'azi a waya. Shi ya saurare ni, Allah Ya saka masa. Ya ce in ƙashi ne ko ɓawon dabba ba a taimama da shi, in dutse ne ana yi.

"To wannan wanne ne?" ya tambaye ni.

"Malam, ai shi na zo tambaya."

"Sai ka je ka tantance ka dawo."

Malami na uku cewa ya yi babu wata teku da ta taɓa zuwa Gombe, in gaya wa yarinyar ta rage kallon waya. Na ce to ko babu tekun, ga dutsen fa, da haƙarƙarinsa. Ya ce aikin aljanu ne, a jefa a tsohuwar rijiya.

Na dawo gida na fi Baba rikicewa. Da rana ina cikin gero ina noma sai in tsaya in dubi ƙasa. Gonakinmu manne da juna, ko ina ka taka akwai mai shi, kakan kakansa ma nan ya noma. Sai in ce to kafin su fa? Nan ma ruwa ne? Na tambayi Bilki ta ce a'a, ƙasarmu ta nan wani irin tsohon dutse ne daban, shi ya sa ba ma tsintar irin na Baba. To me ya sa tekun ta je Gombe ta ƙi zuwa Kano? Ta fara bayani, kaina ya yi zafi, na ce ta bar shi haka.

Kuma duk irinsu su mutu, ko ɗaya kar ya rage. Wa ya yi musu zaman makoki?

Jiya da hantsi na shiga wurinsa. Ban san ita ce ta ƙarshe ba.

Yana bakin ƙofar ɗakinsa a kan buzu, dutsen yana cinyarsa. Ya daina taimama da shi amma bai daina riƙe shi ba. Yana bin naɗin da ɗan yatsa tun daga tsakiya har waje.

Ya ce, "Ka ji abin da Bilki ta ce? Wai kullum a ɗakin ƙarshe take zama."

"Na ji."

Ya nuna cikin gida da haɓa. "Wancan ɗakin na kawo Kande. Na bar wa babanka na gina wancan. Shi ma na bar wa baffanka. Yanzu ga ni a na ƙarshe, bakin zaure."

Ni kuma bakina da ba ya jin magana na ce, "Ai da ka ƙarasa fita kawai, tsoho, ka bar mini gidan da matar."

Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin zuwan Bilki.

"Ɗan nema. Kai da ko kunya ɗaya ba ka iya ja a miƙe a gona ba, da me za ka ciyar da ita?"

Sai ya miƙo mini dutsen. Bai taɓa yarda na fita da shi daga gidan ba, wai zan je in tsorata 'ya'yan mutane. Ya ce an ba shi labarin wani tsohon malami a Rimin Gado, in kai masa ya taɓa da hannunsa, tunda bakina ba a yarda da shi.

"Ka je ka dawo. Ina nan. Ba zan bar maka ita ba sai na ji amsa."

Maganarsa ta ƙarshe da ni kenan.

Malamin na Rimin Gado idonsa ya yi rauni, bai san ni ba, bai san tarihina ba, abin da ya taimake ni kenan. Na sa masa dutsen a hannu. Ya shafa, ya juya, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya kai hanci ya shinshina. Na kwashe labari duka na gaya masa, har kifewar Baba a kan buzu.

Ya ce, "A ruwa ta rayu?"

"Haka Bilki ta ce. Teku wai."

"Abin da ya rayu a teku ya mutu ba ƙazanta ba ne. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, abin da ke hannuna yanzu ba nama ba ne, ba ƙashi ba ne. Dutse ne. Wanda Ya yi ta dabba Shi Ya mai da ta dutse, bai kuma yi shawara da kakanka ba. Ka ce masa sallarsa tana nan. Babu ramuwa a kansa. Ya ci abinci."

Na ce, "Malam, to batun teku a Gombe fa?"

"Wannan ka tambayi Bilki, fanninta ne." Ya ƙara shafa dutsen, ya ce a hankali, "Allah mai iko."

Na fito kamar in yi tsalle. Sai hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa, hanyarmu kuma kun san ta in ta sha ruwa, ko mai babur ba ya yarda. Na kwana a shagon wani abokina.

Ga waya a hannuna. Inna tana da 'yar ƙaramar wayarta. Ban buga ba.

So nake in ga fuskarsa. Na ma gama shirya yadda zan yi: in shigo da sallama a sanyaye, in zauna, in yi ajiyar zuciya, in ce, "Baba, sai haƙuri. Malam ya ce har azumin sai ka rama." In bari ya buɗe baki, sannan in saki gaskiyar.

Da safe Bilki ta bugo. Ta ce, "Lawandi, Baba ya rasu."

Na ce, "Ke, wannan ba ta nuna ba. Koma ki sake shiri."

Sai na ji kukan Inna a bayanta.

Ban san yadda na iso ba. Na dai san na samu an gama wanka, na sa kafaɗa a makara, dutsen yana cikin jakata yana bugun ƙuguna har maƙabarta. Ina tsaye ana zuba ƙasa, amsar tana bakina, babu wanda zan ba.

Da muka dawo na shiga wurin Inna. Na kasa ce mata matata. Na durƙusa na ce, "Inna, na samo masa. Malam ya ce babu komai a kansa. Ban buga ba ne kawai."

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ai ya sani."

Na ce wa ya gaya masa?

Ta ce da asuba ya yi taimama da dutsen gona, ya yi sallarsa, ya shafa addu'a, sai ya ce ta kawo koko. Ta ce masa yau ba ramuwa? Ya ce babu. Ta ce Lawandi ya bugo ne? Ya ce:

"Bai bugo ba, shi ya sa. Yaron nan in amsar mara daɗi ce, da ko a ruwan nan ya taho, ba zai iya kwana da ita ba. Tunda ya yi shiru, mai daɗi ce. Yana can yana shirya ƙaryar da zai fara yi mini."

Ya sha kokonsa, rabin kofi. Ya ce ta gyara masa filo zai ɗan kishingiɗa kafin in iso, kar in same shi a gajiye in yi galaba a kansa.

Shi kenan.

Ni yanzu ban san me zan ji ba. Na kai saƙon ne ko ban kai ba? Ni na tsokane shi ko shi ya tsokane ni? Ina bayan rumbu nake wannan rubutun, masu gaisuwa sun cika zaure, dutsen yana gabana. Bilki ta ce in na yarda ta kai makarantarsu a ajiye a gilashi. Inna ta ce a bar mata shi, ita ma gwiwoyinta sun fara, wata rana za ta buƙace shi. Na sa hannu a kansa ɗazu. Inda tafinsa ya goge har yanzu santsi.

Allah Ka jiƙan Baba Habu. Ka karɓi sallolinsa, na farkon da na ramuwar duka, tunda bai yi don kowa ba sai don Kai. Ka sa ɗakin da ya koma yau ya fi duk waɗanda ya bari faɗi da sanyi. Ka ba Inna haƙuri. Ka cire wa Bilki damuwar da ke ranta, ba ta yi laifin komai ba.

Duk wanda ya karanto har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko gajeriya ce. In za ka yi sallar magariba ka sa sunansa: Abubakar, ana ce masa Habu Mai Tifa.

Saura gyaran murya.

Babu wani Farfesa. Babu jirgi. Ko tashar jirgin ban taɓa shiga ba, bokon nan ma da kuke gani a waya na koye shi.

Da safe a hanya na buga wa mutum huɗu ko biyar in sanar da su rasuwar. Kowa sai ya ce, "Lawandi, ka bari mana, ba a wasa da mutuwa." Ɗaya har ya kashe wayar yana dariya. Sai na ga in na rubuta da sunana haka za ku yi ta danna alamar dariya ku wuce, tsohon nan ya rasa addu'arku saboda ni. Shi ya sa na aro babbar riga.

Ni ne dai, Lawandi, jikansa.

Wallahi wannan karon ba wasa nake ba.